Wa Za Ka Kai Wa Ƙarar Uwa?

Bakwai saura na safe, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta riga ta hura gawayi, ta dama koko, ta yi wa ƙannenta biyu wanka. Kafin ta zura hijabin makaranta sai ta ɗaga labulen ɗakin Umma a hankali. Ba gaisuwa ta kawo ta ba. Ta zo ta duba irin ranar da za a yi ne: yadda Umma ta kwanta, ko ɗankwalinta na kanta, kwalba nawa ce a bayan gado.

Ta tattara kwalaben a baƙar leda, ta cusa a jakar littattafai. Ba za ta zuba su a kwandon shara ba, don almajirin gidan ne ke kwashewa, kuma almajiri yana da ido. Sai ta yi nisa da unguwa za ta jefa a kwata. Idan maƙwabciya ta yi sallama, amsar na bakinta tun kafin a tambaya: "Umma ba ta jin daɗi, ciwon kai ne."

Ran Asabar kuwa, in akwai biki, ga Umma nan cikin leshi da gwala-gwalai, tana liƙi, tana raha, tana rungume 'ya'yan mutane. Ƙawayenta su dafa kan yarinyar su ce, "Ke kam kin yi dacen uwa." Ita ma ta yi murmushi, domin ta san abin da zai biyo baya da daddare in ba ta yi ba.

Wannan ba labarin gida guda ba ne. Duk wanda ya daɗe yana koyarwa a firamare ko Islamiyya, ko yana aiki a asibiti, ya ga yara masu irin wannan idon: sun cika natsuwa fiye da shekarunsu, suna firgita in an ɗaga murya, ba sa taɓa gayyatar kowa gidansu.

Mun saba da mugun uba a labari. Matar uba kuwa, tatsuniya da finafinan Kannywood sun gama da ita tuntuni. Amma uwa mahaifiya da ke cutar da ɗan cikinta, wannan magana ce da harshe ke nauyin ɗauka. Shi ya sa 'ya'yan da abin ya faɗa wa suke girma ba su da inda za su ajiye ta.

Kwalbar da ba ta wari

A Turai da Amurka, in an ce uwa mashayiya, giya ake nufi. Hukumomin lafiya na Amurka sun ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin goma a ƙasar yana zaune da uwa ko uba mai matsalar barasa. A nan ma akwai wannan. Akwai garuruwan da burukutu abin sha ne na yau da kullum, akwai unguwannin bariki, akwai 'yan ƙananan ledojin barasa masu arha da ake ɓoyewa a jakar hannu, waɗanda hukumar NAFDAC ta daɗe tana fafutukar hanawa. Akwai kuma gidajen masu hali da ake sha a bayan ƙofa.

Sai dai a yawancin gidajen Hausawa Musulmi, maye ya shigo ɗakin uwa ne ta wata ƙofar. Giya tana wari, kuma kowa ya san hukuncinta. Maganin tari mai kodin ba ya wari, zaƙi gare shi, a kemis ake saye, ana iya juye shi a robar lemo a sha a gaban suruka. Haka tiramol, da ƙwayoyin barci irin su diyazefam da wanda ake kira roci, da allurar fenta. Mace ba ta buƙatar fita. Yaro za ta aika, ko dillaliya ta kawo mata tare da atamfa da turaren wuta.

A 2017 Majalisar Dattawa ta ce ana shan kwalaben kodin kusan miliyan uku kullum a jihohin Kano da Jigawa. Ko da an yi ƙari a lissafin, kowa ya ga kwalaben a magudanan ruwa. Shekarar da ta biyo baya BBC ta fitar da binciken Ruona Meyer kan yadda maganin ke sulalewa daga kamfanoni zuwa kasuwar bayan fage, kuma a farkon watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. Haramcin ya sa kuɗinsa ya tashi. Bai sa masu sha sun warke ba. Wasu suka koma ƙwaya, wasu suka fara sayar da kayan ɗaki.

Babban binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya gano mutum sama da miliyan 14 'yan shekara 15 zuwa 64 da suka yi amfani da kayan maye cikin shekara guda kafin a yi binciken, ba a ma sa giya da taba a ciki ba. Kimanin miliyan uku a Arewa maso Yamma suke. Ɗaya cikin huɗu mace ce. A shan maganin tari kuwa, mata sun yi kunnen doki da maza.

A yankin da akasarin mata ke aure kafin shekara ashirin, ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a gane cewa da yawa daga cikin waɗannan mata iyaye ne. Binciken ya ƙirga su. 'Ya'yan da ke bayan labulensu ba su shiga lissafi ba.

Fuska biyu

Da za a ce maye ne kaɗai matsalar, da da sauƙi. Akwai uwar da ke sha, amma in ta farfaɗo sai ta rungume 'ya'yanta tana kuka tana neman gafara. Wannan ma tana ɓarna, amma yaronta ya san ana son sa, ya san kwalbar ce abokiyar gaba.

Wadda ta fi wuyar sha'ani ita ce wadda ko ta sha ko ba ta sha ba, duniyar gidan a kanta take juyawa. Likitocin ƙwaƙwalwa suna da suna ga matsanancin wannan hali, kuma tun 1980 ƙungiyarsu ta Amurka ta sa shi a kundin cututtukanta: ganin kai fiye da kowa, ƙishirwar yabo da ba ta ƙarewa, da rashin iya jin zafin wani. A yi hattara dai. Yanzu a Facebook da TikTok duk wadda ta saɓa da uwarta sai ta liƙa mata wannan suna, alhali faɗa da tsanani da son a yi abu daidai ba su ne cutar ba. Likita ne ke tantancewa, kuma masu ita da gaske ba su da yawa. Amma inda take, alamunta ba sa ɓuya ga wanda ke kwana a gidan.

Irin wannan uwa ba ta ganin ɗa a matsayin mutum mai zaman kansa. In ya ci jarrabawa, tarbiyyarta ce. In ya faɗi, ya kunyata ta da gangan. In 'yarta ta fara kyau, sai kishi ya shiga: a kushe hancinta, a kushe tafiyarta, a yi mata gorin baƙi a gaban baƙi. Sau da yawa takan raba 'ya'yan gida biyu, ɗaya ɗan lele wanda ba ya laifi, ɗaya kuma shi ke ɗaukar laifin kowa, ko tulu ne ya fashe yana makaranta. Su tashi ba sa ga maciji da juna, kuma sai sun yi furfura wani lokaci kafin su gane wanda ya haɗa su.

Duka akwai shi: wayar wuta, muciya, tsintsiya, ƙulle yaro a ɗaki, hana shi abinci. Amma manyan da suka tashi a haka sukan ce tabon bulala ya fi saurin warkewa a kan abu biyu.

Na farko shi ne musu. Da daddare ta zage ki ta uwa ta uba, ta ce da ta sani ta zubar da cikinki. Da safe ki ɗaga maganar, ta dube ki ido cikin ido ta ce, "Ni? Yaushe? Ke dai akwai ki da ƙirƙirar sharri." Wani sa'in da gaske ba ta tuna ba, don barasa da ƙwayoyin barci suna shafe abin da ya faru. Wani sa'in ta tuna sarai. Ko wanne ne, yaron da aka yi wa haka shekara da shekaru yakan daina yarda da idonsa da kunnensa.

Na biyu shi ne makamin da uwar Bature ba ta da irinsa: baki. "Zan tsine miki." "Ban yafe nonona ba." "Allah ya isa tsakanina da kai." Bahaushe ya yi imani bakin uwa ba ya faɗuwa ƙasa, kuma in aka ga mutum ya lalace akan ce bakin uwa ne ya kama shi. A hannun uwa ta gari wannan takobi ne da ba a zare shi. A hannun wadda ta mayar da shi abin aike kuwa, ya isa ya sa ɗan shekara arba'in ya saki matarsa, ya sa 'ya ta miƙa albashinta kaf, ya sa yaro ya je kemis sayo abin da ya san shi ke kashe uwarsa.

Me ya kai ta?

Tambayar tana da amfani, in dai ba a mayar da ita uzuri ba. Ma'aikatan lafiya da ke ganin irin waɗannan mata suna jin labarai masu kama da juna. An yi mata aure tana ƙarama da wanda ba ta so. An yi mata kishiya ba shiri. Miji ya tafi Legas ko Abuja sai ƙarshen wata, ko ya sake ta da 'ya'ya huɗu ba ko sisi. Barci ya ƙaurace mata, wata ƙawa a gidan biki ta ce ga abin da zai kwantar miki da hankali.

Wasu ta hanyar jinya suka shiga. An yi tiyatar haihuwa an rubuta tiramol, ciwon ya tafi, maganin ya zauna. Masu ciwon sikila da ma wasu ma'aikatan asibiti sun faɗa tarkon allurar fenta ta haka. Akwai kuma ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda ke kama kusan mace ɗaya cikin bakwai ko fiye, amma a gidajenmu in maijego ta yi shiru tana kuka ba dalili, sai a ce iska ce ko maita, a kira mai ruƙiyya, a yi hayaƙi, a wuce wurin.

In ka bi sawu baya kuma, sau da yawa za ka tarar ita ma haka aka yi mata. Masana sun ce kusan rabin haɗarin kamuwa da jarabar barasa gado ne a jini, ragowar kuma daga rayuwa ne. Wadda ba a taɓa rarrashinta ba, ba lalle ta san yadda ake yi ba.

Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai mata dubbai da suka sha wuyar da ta fi wannan, ba su huce a kan 'ya'yansu ba. Kuma ɗan shekara shida ba shi ya yi mata auren dole ba.

Kayan da yaro ke tafiya da su

Ɓarnar kan fara tun a ciki. A 1973 likitoci a Jami'ar Washington suka bayyana ciwon da barasa ke sa wa ɗan tayi: ƙaramin kai, jinkirin girma, wahalar koyo da ba ta warkewa. Jaririn mai shan kodin ko tiramol kuma yakan zo duniya da jarabar a jikinsa. Kwana biyu zuwa uku bayan haihuwa ya kama karkarwa, da kuka mai tsini, da ƙin nono. A gida sai a ce ɗan rigima ne.

Tsakanin 1995 da 1997, likitoci biyu a Amurka, Vincent Felitti da Robert Anda, suka tambayi manya kusan 17,000 irin wahalar da suka sha a ƙuruciya: duka, zagi, sakaci, zama da mashayi ko mai taɓin hankali a gida, da makamantansu. Sai suka gwada amsoshin da lafiyarsu. Wanda ya haɗu da iri huɗu ko fiye, haɗarin ya zama mashayi ya ninka kusan sau bakwai, na yunƙurin kashe kai kusan sau goma sha biyu. Har ciwon zuciya da na hanta sun fi yawa a cikinsu. Jikin da ya tashi cikin fargaba kullum, ba ya sanin an daina yaƙi.

A Nijeriya, binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi da tallafin UNICEF a 2014 ya nuna yara shida cikin goma suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai 18, kuma a wajen duka, iyaye da dangi na kusa ne kan gaba. Waɗanda suka samu wani taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba.

Ba kowane yaro ne ke lalacewa ta hanyar da ake gani ba. Wani ya bi sawun uwar, ya fara da ragowar kwalba. Wata ta amince da manemin farko da ya yi sallama, ko wane ne, don dai ta bar gidan. Amma akwai wadda kowa ke yabo: ita ce ta ɗaya a aji, ita ce mai haƙuri a gidan miji, ba ta iya cewa a'a, tana ba da haƙuri kan laifin da ba nata ba, in mijinta ya shigo fuska a ɗaure sai cikinta ya ɗuri ruwa. Ta iya karanta fuskar kowa, ba ta san abin da ita kanta take so ba. Irin wannan ba a kai ta asibiti sai hawan jini ko gyambon ciki ya kai ta.

Ga 'ya mace akwai ƙarin kaya. In an zo binciken aure, uwa ake fara tambaya, a ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Don haka rufa asirin Umma rufa wa kai ne. Yarinyar da ke ɓoye kwalba ta san wannan tun ba a gaya mata ba.

"Ki yi haƙuri, uwa ce"

A ce yarinyar ta yi ƙarfin hali ta je wurin gwaggo ko kawu. Abin da za ta ji sananne ne. "Uwa uwa ce." "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." "Wata tara ta ɗauke ki." In ta matsa, a ce ta fara rashin kunya, boko ya buɗe mata ido.

Dattawan da ke faɗin haka ba mugaye ba ne, kuma suna da hujja. Sun ga zamanin da yara ke ɗaga wa iyaye murya, suna tsoron in aka buɗe wannan ƙofa kowane ɗan da aka tsawata wa zai ce an zalunce shi. Suna kuma duban ƙasashen da ake kai tsofaffi gidan gajiyayyu a manta da su, suna cewa Allah ya kiyaye mu. A ƙasar da ba fansho ga talaka, darajar uwa ita ce inshorar tsufanta. Wanda ya raina wannan bai san abin da ke riƙe da al'umma ba.

Sai dai addinin da ake jingina da shi ya fi haka faɗi. Gaskiya ne Alƙur'ani a Suratul Isra'i ya hana ko nuna ƙosawa ga iyaye, kuma a hadisi an ambaci uwa sau uku kafin uba. Amma a Suratu Luƙman an raba abu biyu da muke yawan cakuɗawa: an yi umarni da kyautata zama da iyaye, an kuma hana yi musu biyayya a kan saɓo. Hadisin da ya ce kowa makiyayi ne abin tambaya, ya ambaci mace da gidanta da 'ya'yanta. Wato haƙƙi ta kowane ɓangare yake tafiya. Malamai da dama, in an tambaye su, sukan ce Allah ba ya karɓar mummunar addu'ar da aka yi bisa zalunci, kuma ɗan da ya ƙi sayo wa uwarsa abin maye bai saɓa mata ba.

Fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi ma bai bar maganar a buɗe ba. Ya ba uwa fifiko wajen renon ɗa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Amma ya gindaya sharuɗɗa, ciki har da hankali da amana da iya kula da yaron, kuma malaman mazhabar sun kawo mashayi cikin waɗanda ba a damƙa wa reno. In uwa ta rasa sharaɗin, reno ya koma hannun kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, haka har ƙasa. Malaman da suka rubuta wannan ɗaruruwan shekaru da suka wuce sun san akwai uwar da ba a bar mata ɗa. Mu ne muka mayar da abin kamar ba ya faruwa.

A ganina nan gizo ke saƙa. A wa'azi, awa guda ake yi kan haƙƙin iyaye, minti biyu kan haƙƙin 'ya'ya, shi ma a tsaya a kan raɗin suna da kai makaranta. Yaron da ke zaune a sahun baya da shatar waya a gadon bayansa yana fita ne da fahimta ɗaya: shi ne mai laifi, kuma wuta na jiran sa.

Uban fa?

Sau da yawa ya sani. Wani ya zaɓi kasuwa da majalisa, ya dawo sai an yi barci. Wani ya ƙara aure ya koma ɗaya gidan. Wani ya yi saki, ya bar mata yaran don kada su dame shi da amarya, ko ya ƙwace su ya kai wa wadda ba ta neme su ba.

Da can riƙo yana toshe irin wannan ɓaraka. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau aka buga a 1954, cike yake da yaran da suka tashi a hannun gwaggo ko kaka. A babban gida, in uwa ta gaza, akwai ɗaki na gaba. Yau gidan haya ne mai geti, ko fulat a sabuwar unguwa, maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba. Riƙo yana da nasa zaluncin, ba a musu. Amma ya kasance hanyar cire yaro daga wuta ba tare da an ce wa uwarsa komai ba: gwaggo ta zo ta ce, "Yaya, ki ba ni wannan ta taya ni zama," kowa ya gane, ba wanda ya ji kunya.

Ina za a kai ta?

Jaraba ciwo ce da ake magani, kuma akwai mata da suka daina suka dawo hayyacinsu. Amma binciken 2019 ɗin nan ya nuna wani giɓi: mace ɗaya cikin masu sha huɗu, amma cikin masu karɓar magani kusan ɗaya cikin ashirin. Namiji in ya lalace a kai shi asibiti. Mace a ɓoye ta, domin in aka ji, aurenta da na 'ya'yanta ya shiga haɗari.

Wuraren ma ba su da yawa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Akwai na Dawanau a Kano da sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. Hukumar NDLEA na da ɗakunan ba da shawara a ofisoshinta na jihohi. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk ƙasar 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200. Gadajen mata sun fi ƙaranci, kuma ba a tanadi inda mai shayarwa za ta kwanta da jaririnta ba a yawancinsu.

Wannan giɓi ne ya cika gidajen mari. A 2019, samamen da aka kai a Rigasa ta Kaduna da Daura da wasu garuruwa ya fito da ɗaruruwan mutane cikin sarƙa, har da mata da yara, da yawa danginsu ne suka kai su da hannunsu suna biyan kuɗi. Likitoci na gargaɗin cewa ko a gida, ƙulle mai shan barasa ko diyazefam a yanke mata lokaci guda na iya jawo farfaɗiya har da mutuwa. A hankali ake janyewa, ƙarƙashin kulawa.

Doka ta ɗan motsa. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya tun 2003 take, jihohin Arewa suka yi ta jan ƙafa, Kano ta sa hannu a tata a 2023. A farkon shekarar ne kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. A takarda, jami'in jin daɗin jama'a na iya shiga tsakani in yaro na cikin haɗari. A aikace, mai unguwa da Hisbah ake kai wa ƙara, su kuma sulhu suka fi sani, kuma sulhu tsakanin uwa da ɗan shekara tara ma'anarsa a mayar da shi gida.

Su kansu 'ya'yan, kusan ba abin da aka tanadar musu. A Amurka tun 1951 iyalan mashaya suka kafa ƙungiyar Al-Anon, a 1957 aka buɗe reshen matasa, inda yaro zai zauna da irinsa ya ji ba shi kaɗai ba ne. A nan, abin da ya fi kusa da haka shi ne shafukan Facebook da shirye-shiryen rediyo da ake karanta wasiƙa a ɓoye suna. Ka duba martanin da ke biyo bayan irin wannan wasiƙa: rabi na cewa ta ji tsoron Allah ta nemi gafarar mahaifiyarta, rabi na cewa wallahi kamar labarina kika rubuta.

Bayan an girma

A Turai shawarar da ake yawan bayarwa ita ce a yanke hulɗa gaba ɗaya. A nan kaɗan ne ke iyawa, kaɗan ne ma ke so. Yanke zumunci babban zunubi ne a wurinsu, kuma duk abin da ta yi, suna son ta. Wannan ne ma ya sa abin ke ciwo.

Abin da akasari ke yi shi ne su ja layi ba tare da sun sanar ba. A sayi buhun shinkafa da magani a aika, maimakon a tura kuɗi a hannu. A kira ran Juma'a a gaisa, in zagi ya fara a ce, "Umma, sai anjima, Allah ya huci zuciyarki," a kashe waya. A je gaisuwa da rana tare da miji ko ƙani, kada a kwana. Wasu sun nemi aiki a wani gari da gangan. Wasu sun samu malami ko likita da ya saurare su har ƙarshe bai katse su da "haƙuri" ba, suka ce daga ranar suka fara barci.

Tsufa kan sassauta wasu iyayen. Akwai wadda a gadon jinya za ta kama hannun 'yar da ta fi azabtarwa ta ce ki yafe mini, kuma sau da yawa wannan 'yar ce ke jinyar, ɗan lelen yana Abuja. Akwai wadda har ta koma ga Allah ba za ta amsa ta yi komai ba, a zauna zaman makoki ana ta yabon kirkinta, 'ya'yan na amsa "Allah ya jiƙanta" tare da kowa.

Kafin a kai can, akwai gwajin da ke jiran kusan kowace 'ya. Ta haihu, ɗan ya kai shekara biyu saura, lokacin yaye ya yi. Al'ada ta ce a kai shi wurin kaka ya yi kwanaki, wani ma a bar mata shi riƙo. Umma ta aiko a kawo mata mai gidanta. Dangin miji, da ba su san komai ba, suna tambayar yaushe za a kai shi. In ta kai shi, ta san ɗakin, ta san abin da ke bayan gado. In ta hana, sai ta faɗi dalili, kuma shekara ashirin ke nan tana cewa ciwon kai ne. Da yawa sukan ce likita ya hana a raba shi da gida, ko su ce uban ne bai yarda ba, su yaye shi a ɗakinsu.